Kyamarar Baba Mai Ido Biyu

"Umma, ke ba a haife ki ba ne?"

Nusaiba ce ta yi mini wannan tambayar tana da shekara biyar, kuma a gaban surukata ta yi ta, muna tsakar gida muna ɓarar gyaɗa. Hajiya ta ce mata ta kama bakinta, amma yarinyar ta ci gaba da bayani. Ƙawarta Amira kaka biyu gare ta mata, ta wajen uwa da ta wajen uba, duk ta gan su a wayar mamarta, ita kuwa ɗaya kaɗai ta sani. Na ce mata an haife ni kamar kowa, mahaifiyata rasuwa ta yi ina da shekara biyu. Ta ce to in nuna mata hotonta. Na ce babu. Sai ta dube ni irin kallon da yara ke yi wa wanda suka kama da ƙarya, ta ce ai Kaka Jafaru mai hoto ne.

Gaskiya ta faɗa. Mahaifina, Malam Jafaru Mai Hoto, ya fi shekara talatin yana wannan sana'a a Talata Mafara. Direba ne da farko, lokacin aikin madatsar Bakolori, kuma a wurin wani Bature da yake tuƙawa ya koyi ɗaukar hoto. Da wuya ka sami mahauci ko dillalin shanu a kasuwar nan da bai taɓa zama a kan bencinsa ba. Amma matarsa Kaltumi, mahaifiyata, 'yar Dosara ce mai tsananin kunya. An ce da zarar ya ɗaga kyamara zuwa fuskarsa sai ta ja mayafi ta shige ɗaki. Haka ta koma ga Allah ba ta bar hoto ko ɗaya ba. Danginta na Dosara sun watse, hanyar ma yanzu ba kowa ke bin ta ba.

Ni na riga na saba da rashin sanin fuskarta. Nusaiba ce ta ƙi sabawa. Kwana biyu kwana uku sai ta tambaye ni ko kakarta doguwa ce, ko fara ce, ko tana da tsaga. Ban san amsar ko ɗaya ba, kuma ban so in ƙirƙira mata.

Baba ya rasu bara. Da aka gama rabon gado, wani akwatinsa na ƙarfe ya rage babu mai so, aka haɗa mini da kasona. Na tura shi ƙarƙashin gado ban ko buɗe ba, sai da ruwa ya ɗauke lokacin shanya ya zo. Kowace mace a nan ta san wannan aikin: bayan damina sai a fito da duk abin da ke cikin akwati, zannuwa da barguna da littattafai, a buɗe su a baje a rana don danshi da funfuna su fita. Abin da ke da murfi a cire murfin, abin da ke da aljihu a juya aljihun. Haka Gwaggona da ta rene ni ta koya mini, kuma ban taɓa ganin ya ɓata komai ba.

A cikin akwatin na sami rigunan Baba biyu, da wani baƙin ƙyalle, da kyamarori uku. Duk suna warin danshi. Biyu daga ciki irin waɗanda na san shi da su ne ina yarinya. Na lalubi bayansu har murfin ya buɗe, na ga fim a miƙe a cikin kowace, na jawo shi waje don iska ta ratsa, na jera su a kan tabarma a tsakiyar rana. Har daɗi na ji, na ga na kula da kayan mahaifina. Nusaiba ta ɗauki fim ɗaya ta yi ɗamara da shi, ɗayan kuma ta ɗaure wa ɗan akuya a wuya.

Ta ukun daban take. Tsayuwa take yi a tsaye kamar ƙaramar rediyo, cikin jakar fata da ta bushe, da idanu biyu a gaba, ɗaya a kan ɗaya. Na juya ta ta ko'ina ban ga inda ake buɗe ta ba. Da Baban Nusaiba ya dawo daga rumfar nama bayan azahar, na miƙa masa. Mijin nawa, Mas'udu, mutum ne da bai yarda akwai abin da wuƙa ba za ta buɗe ba. Ya zauna a kan turmi, ya sa kyamarar tsakanin gwiwoyinsa, ya cusa tsinin wuƙar fawa a bakin murfin baya, ya fara banƙarawa. Kusurwa ɗaya ta ɗan ɗago.

Daidai nan aka yi sallama. Gwaggo Taiba ce, ƙanwar Baba, wadda ta rene ni, ta zo daga Birnin Tudu da ƙullin albasa a ka. Ba ta ko sauke ba ta tsaya.

"Mas'udu, mi kake yi wa kayan Jahwaru da wuƙa? Aje ta."

Ya ajiye. Sai da aka gaisa, aka tambayi gida da gona da gajiyar hanya, ta sha ruwa, sannan ta karɓi kyamarar ta ɗora a cinya. Ta ce wannan ita ce wadda Baturen Bakolori ya bar masa. Ba a ɗaga ta zuwa ido kamar sauran, a ciki ake riƙe ta a sunkuya a leƙa ta sama, kamar mai duba ko miya ta nuna. Ta ce da ita ya yaudari Kaltumi. Wata ranar hantsi tana tankaɗe a tsakar gida, ya zauna a bakin ƙofa ya sunkuyar da kai kamar yana goge kyamarar, ya ɗauke ta sau biyu ba ta sani ba. Gwaggo tana wurin, har ya yi mata alama da ido ta yi shiru. Bai kai ga wankewa ba zazzaɓi ya kwantar da Kaltumi, ba ta yi sati uku ba ta cika. Tun daga ranar Gwaggo ba ta sake ganin kyamarar a hannunsa ba.

Na ce wa Baban Nusaiba ya ɗauki wuƙarsa ya ƙarasa buɗewa mu gani, don a tunanina hoton yana nan zaune a ciki kamar yadda yake zama a waya. Har ya miƙa hannu. Gwaggo ta riƙe kyamarar ta ce ita dai ba ta san kan abin ba, amma ta san Jafaru bai taɓa buɗe kyamara a tsakar gida ba. Ɗaki yake shiga ya toshe taga da bargo. Akwai ranar da ta tura ƙofa don ta kai masa fura, ya yi mata faɗan da bai taɓa yi mata ba, ya ce ta kashe masa aikin sati guda.

Na juya na dubi tabarma, na dubi ɗan akuya da ke yawo da fim a wuya. Na ɗauko baƙin ƙyallen nan na akwati na naɗe kyamarar, na mayar da ita ƙasan akwatin na rufe.

Baban Nusaiba ne ya tuna da Malam Misbahu. Ya ce akwai wani malamin kimiyya daga Bakura da ke zuwa kasuwa duk Talata, ya fara bi ta wurin 'yan gwangwan yana tona tarkace, sannan ya zo rumfarsa ya sayi hanta. Mahauta suna yi masa dariya, wai malamin da ke sayen kyamarar da ba ta aiki. Ya ce zai kai masa tamu ya duba. Na ce ba inda za ta je sai da ni. Na kuma roƙe shi da Gwaggo kada wanda ya faɗa wa Nusaiba komai, don ba na so a sa wa yarinya rai a kan abin da ba mu tabbatar ba.

Ranar Asabar muka bar Nusaiba wurin Hajiya muka tafi Bakura. Matar Malam Misbahu, Malama Hussaina, ta tarbe ni ta kai ni ɗakin da ta ce kishi take yi da shi don ya fi nata tsabta. Katako ne jere a bango, da kyamarori sun fi arba'in a kai. Kowace da 'yar takarda a ɗaure, an rubuta garin da aka same ta da sunan mai ita na asali idan an sani. Malam Misbahu dattijo ne siriri, mai magana a hankali. Na fara ba shi biyun da na shanya. Ya duba sunan da ke goshinsu ya ce ƙirar Japan ne, masu kyau, amma irinsu sun yi yawa, yana da huɗu. Ya tambayi ko an sami fim a ciki. Na faɗa masa gaskiya har da ɗan akuya. Ya ce Allah ya sa haka shi ne mafi alheri.

Da na fito da ta ukun sai ya ce kada in warware ƙyallen tukuna. Ya rufe taga da ƙofa, ya bar ɗan hasken da ake iya ganin juna. Ya zare ta daga jakar fata a hankali, ya karanta rubutun da ke kewaye da idon ƙasa, ya duba wata lamba da aka zana a sama, ya buɗe wani littafi ya bi da yatsa. Ya ce sunanta Rolleiflex, ƙirar Jamus, kuma bisa lambar nan ta kai shekara saba'in, ta girmi madatsar kanta. Ya sauko da wata mai kama da ita daga kan katako ya nuna mana bambancin, wai waccan kwaikwayo ce, a hannu ma za ka ji ba nauyinsu ɗaya ba. Idon sama na leƙe ne, na ƙasa shi ke ɗauka. Mabuɗin da na rasa kuwa a gindinta yake. Ya ce shekara goma sha biyar yana bin kasuwanni daga Maradun har Gusau, sau ɗaya ya taɓa riƙe irinta, a Kano, kuma ba ta sayarwa ba ce.

Na ce, "Malam, ni ba shekarunta suka kawo ni ba. Akwai fim a ciki ko babu?"

Ya nuna mini wata 'yar taga a gefe, da lamba tara a ciki. Ya ce fim na nan, an ɗauki takwas cikin sha biyu. Sai yatsansa ya kai kan kusurwar da ta ɗago, ya tsaya. Ya tambayi abin da ya taɓa wurin. Baban Nusaiba ya sosa ƙeya ya ce wuƙa ce, amma tsininta kaɗai. Malam ya tambaya ko a rana aka yi, muka ce a tsakar gida, bayan azahar.

Ya yanko baƙin salatif ya liƙe wurin, sannan ya yi mana bayani. Irin wannan fim ɗin naɗewa yake yi a jikin takarda yayin da ake ɗauka. Hotunan farko suna can ciki a dunƙule, takardar ta kare su. Na ƙarshe su ne a waje, su ne kusa da inda haske ya shiga. Na tuna Gwaggo ta ce bayan hotunan mahaifiyata Baba bai sake ɗaukar komai da ita ba. Ke nan ita ce ta bakwai da ta takwas. Malam ya ƙara da cewa ko ba wuƙa, fim ɗin ya kwana shekara ashirin da bakwai cikin zafin Mafara, don haka ba zai yi mini alkawari ba. Sa'ar da muka yi ita ce fim ɗin baƙi da fari ne, ya fi mai launi juriya. Maganin wankewa kuma sai ya aika Kano, sai mu dawo bayan sati biyu.

Ya ce in bar masa ita. Na ce ya yi haƙuri. Na koma da ita gida a naɗe a cikin hijabina, na sa wa akwatin kwaɗo. A sati biyun nan Baban Nusaiba bai yi mini maganar ba ko sau ɗaya, sai dai kullum ya dawo da tsire a takarda, abin da ba ya yi sai ya san ya yi laifi. Ni ma ban ɗora masa ba. Ni na miƙa masa kyamarar.

Ranar da muka koma, da Gwaggo muka je, da hantsi. Malam Misbahu ya murɗa wani hannu a gefen kyamarar har sauran fim ɗin ya naɗe, ya sa ta cikin wata baƙar jaka mai hannayen riga biyu, tare da wani ɗan gwangwani mai murfi. Ya zura hannuwansa ciki ya dinga aiki da lalube, idonsa na kan rufin ɗaki. Gwaggo ta raɗa mini cewa haka Jafaru ke yi da fuska, kamar mai cire ƙaya a ƙafar wani. Bayan haka ya fito da gwangwanin a rufe. Ya sa ƙanƙara a ruwa yana aunawa har ya yi sanyin da yake so, ya zuba magani na farko, yana juyawa yana duban agogo, ya zubar, ya zuba na biyu. Ban san minti nawa aka yi ba. Na dai san na ƙare tasbihi na sake farawa.

Da ya buɗe murfin ya jawo fim ɗin, Baban Nusaiba ya ce kamar hanjin rago, ba wanda ya yi dariya. Malam ya rataye shi a igiya ya ce sai ya bushe. Daga inda nake zaune ina hango ƙarshensa baƙi ƙirin. Malama Hussaina ta kawo mana shinkafa da wake, na kasa ci.

Da ya bushe, ya shimfiɗa shi a kan gilashi mai fitila a ƙasa. Ya ce a fim komai a juye yake, baƙi fari ne fari baƙi, don haka zai ɗauka da waya ya juya mana. Ya fara daga na ɗaya. Wani bijimi ne mai manyan ƙahoni a kara, kasuwar shanu, da mutum uku a tsaye a bayansa, dishi-dishi kamar ana kallonsu ta cikin hayaƙi. Baban Nusaiba ya gane ɗaya, ya ce tsohon Sarkin Fawa ne tun yana da ƙarfinsa. Na biyu zuwa na shida duk mutanen kasuwa ne. Malam ya tsallake zuwa na takwas ya nuna mini da kansa, fari fat, babu komai. Ya ce wannan ya tafi.

Sai ya dawo kan na bakwai. Daga ƙasa har zuwa ƙirji haske ya cinye, ba a ganin rariya ko ƙwarya. Daga nan zuwa sama akwai mace. Ɗankwalinta ya zame baya, ta juyo da fuska gefe, bakinta a buɗe tana dariya, da wushirya, da 'yar tsaga ɗaya a kowane kunci. Yarinya ce ƙarama, ba ta kai shekaruna na yanzu ba. Na miƙa wa Gwaggo wayar. Ta matso da ita kusa da ido, ta nisantar, ta sake matsowa.

"Ita ta," in ji Gwaggo. "Kaltumi ta. Ni take yi wa dariya, zanena ya kama wuta garin hura murhu."

Na karɓi wayar na daɗe ina neman fuskata a tata. Goshin kaɗai na samu. Na yi kuka kaɗan, Malama Hussaina ta dafa ni, Baban Nusaiba ya fita waje wai zai duba babur.

Malam Misbahu ya nemi izinin sa hotunan a dandalinsu na masu tara tsofaffin kyamarori, ya ce mutane har daga ƙasashen waje za su so su gani. Na ce ya sa bijimin da mutanen kasuwa da kyamarar kanta. Matar da ta yi rayuwarta tana jan mayafi ba zan baje fuskarta a wayoyin mutane ba. Ya ce ya fahimta, ya tura mini hoton ya goge nasa a gabana. Biyun da na shanya na bar masa, ya rubuta sunan Baba da Talata Mafara a takarda ya ɗaura musu. Mai ido biyun kuwa, ya nuna yana son ta ƙwarai, na ce ba yanzu ba, amma duk ranar da zan rabu da ita shi zan fara nema. Ya gyara kusurwar da ta lanƙwashe, ya ba ni wasu ƙananan ƙulli masu shanye danshi in sa a akwatin, ya ce inuwa da bushewa take so.

A Mafara na sa aka fitar mini da hoton a takarda guda uku: ɗaya nawa, ɗaya na Gwaggo, ɗaya na ajiye wa Nusaiba sai ta girma. Da na nuna mata nawa, ta riƙe da hannu biyu ta daɗe tana kallo, ta ce kakarta ta fi ta Amira kyau. Sannan ta tambayi dalilin da ya sa rabinta ya yi fari. Na ce mata rana ce ta shiga, kuma ni da babanta muka buɗe mata hanya don ba mu sani ba.

Abin da ke cikin sauran kyamarori biyun ba zan taɓa sani ba. Wataƙila hotunan katin shaida ne na mutanen da ban sani ba, wataƙila kuma ni ce ranar da na fara zuwa makaranta. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan. Gidaje da yawa a Mafara da Bakura da Maradun suna da akwatin wani tsoho a ƙarƙashin gado, lokacin shanya kuma yana zuwa kowace shekara. Ke mai karatu, idan kika ci karo da tsohuwar kyamara a ciki, ki shanya riguna ki bar ta. Kada ki buɗe bayanta, kada ki miƙa wa maigida ya gwada ƙarfinsa, kada ki ba 'yan gwangwan. Ki naɗe ta a baƙin ƙyalle ki nemi wanda ya san ta, domin haske ba ya buƙatar ko daƙiƙa ɗaya ya shafe abin da ke ciki, kuma babu mai iya dawo miki da shi.